Ma'anar RAID: Haɗa Fayafayan Ajiya Su Yi Aiki Kamar Guda

RAID, wato taƙaitaccen sunan Turanci na Redundant Array of Inexpensive Disks, kalma ce da ake yawan ji a bakin masu kula da manyan kwamfutocin bankuna da jami'o'i, da kuma masu tace bidiyo, kuma tana nufin haɗa fayafayan ajiyar bayanai biyu ko fiye ta yadda kwamfuta za ta ɗauke su tamkar faifai ɗaya. Sunan ya fito ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, inda David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz suka wallafa maƙala a 1988, suna nuna cewa ƙananan fayafayai masu araha, idan aka haɗa su, za su iya fin babban faifai mai tsada aiki. Sai dai yawan fayafayai yana ƙara yiwuwar ɗaya ya lalace, don haka duk tsarin ya ginu ne a kan tambayar abin da zai faru ranar da hakan ta auku.

Lambobin da ake liƙa wa sunan ba matakan daraja ba ne, hanyoyi ne daban-daban. A RAID 0 ana yayyanka bayanai a rarraba su a kan fayafayan, shi ya sa karatu da rubutu suke sauri, kuma ba a rasa wuri ko kaɗan. Amma da zarar faifai ɗaya ya mutu, komai ya tafi, har da abin da ke kan masu lafiyar. RAID 1 kuwa madubi ne: abin da aka rubuta a wannan, shi ake rubutawa a wancan, saboda haka fayafayai biyu masu terabait 4 kowanne (terabait shi ne ma'aunin girman wurin ajiya), terabait 4 kawai za su ba ka.

Inda dabarar take shi ne RAID 5, wanda yake buƙatar aƙalla fayafayai 3. A ce an rubuta 7 a faifai na farko, 5 a na biyu, sannan aka rubuta jimlarsu, wato 12, a na uku. Idan na biyu ya lalace, sai a cire 7 daga 12, a dawo da 5 ɗin da ya ɓace. Kwamfuta tana amfani da wani lissafi ne da ake kira XOR a maimakon tarawa, amma hikimar ɗaya ce, kuma ba ta tara wannan lissafin cike gurbin a faifai guda, tana warwatsa shi a kan dukkansu. Wurin faifai ɗaya kaɗai ake sadaukarwa, don haka fayafayai huɗu masu terabait 4 kowanne suna ba da terabait 12. RAID 6 yana ajiye lissafin iri biyu, yana jure mutuwar fayafayai biyu, sannan RAID 10 yana haɗa madubi da rarrabawa, da asarar rabin wurin.

A ganina, duk mai manyan fayafayai bai kamata ya natsu da RAID 5 ba. Bayan an sauya faifan da ya mutu, dole a karanta sauran tun daga farko har ƙarshe kafin a cike sabon, aikin da kan ɗauki sa'o'i masu yawa, wani lokaci kwanaki, kuma fayafayan da aka saya rana ɗaya tare suke tsufa. Idan na biyu ya gaza a tsakiyar wannan aiki, babu sauran dabara. Mu da ake ɗauke mana wuta ba sanarwa muna da ƙarin damuwa, domin wuta na iya tafiya bayan an rubuta bayani amma ba a kai ga sabunta lissafinsa ba, su saɓa wa juna ba tare da kowa ya sani ba. Wannan ne ya sa batirin ko-ta-kwana ya zama dole.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu suke ɗaukar RAID a matsayin kwafin ajiya. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, nan take yake gogewa a madubinsa, haka ma wanda manhajar masu neman kuɗin fansa ta kulle, kuma gobara ko ɓarawo ba sa barin ko faifai ɗaya a cikin akwatin na'urar. Takardun ɗalibai ko hotunan bikin abokan ciniki suna buƙatar wani kwafi a faifan da ba a jone yake da na'urar ba, a ajiye shi a wani gini daban.