Waiwaye: Lambar da Danmak ta raba wa jama'arta a 1968

Tun da Jamus ta fara buɗe wa masu inshorar lafiya ta gwamnati fayil ɗin asibiti na intanet a 2025, sai dai wanda ya ce ba ya so, muhawara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na fargabar asirin ciwonsu ya fallasa, wasu kuma na tambayar yadda ƙasa mai ƙarfin Jamus ta makara haka, alhali maƙwabciyarta Danmak ta daɗe da wuce wurin.

Abin da aka saba ji kowa ya san shi. Jamus ta yi dokar katin lafiya mai na'ura a 2003, da niyyar ya fara aiki a 2006, amma sai bayan shekaru ya shiga hannun mutane. Rubuta magani ta intanet bai zama tilas ba sai a 2024, abin da Estoniya ta fara tun 2010. Ingila ma ta ɗauko gagarumin shirin haɗa bayanan marasa lafiya a kwamfuta a 2002, aka wargaza shi a 2011.

A ganina, tushen bambancin ya girmi intanet. A 1968 Danmak ta ba duk mazaunin ƙasar lamba ɗaya mai alƙaluma 10: shida na farko ranar haihuwa, huɗun ƙarshe na bambancewa. Ba don asibiti aka yi ta ba ma, babban dalilin shi ne tsarin cire haraji daga albashi da ya fara a 1970. Amma da lambar ta zauna, sai asibitoci suka ɗauke ta. Zuwa 1977 an buɗe rajistar ƙasa ta duk wanda aka kwantar a asibiti, kowa da lambarsa. Duk wanda ya taɓa ɓatar da katin asibiti aka buɗe masa sabon fayil kamar bai taɓa zuwa ba, ya san darajar wannan. Kwamfuta ba ta san mutum da fuska ba; idan ba a tabbatar mai gwajin jinin nan shi ne mai hoton ƙirjin can ba, haɗa bayanan ganganci ne. Don haka lokacin da Danmak ta buɗe shafin lafiya na ƙasa a 2003, ta tarar da bayanan shekaru masu yawa a jere, suna jiran a ɗora su.

Jamus ta Yamma ta yi shirin irin wannan lamba a shekarun 1970, ta ajiye shi. Kuma ba a ga laifinsu ba: mutanen da suka ga abin da aka yi da rajistar jama'a a zamanin Nazi, ga kuma leƙen asirin da ake yi a Jamus ta Gabas, wadda ita ta raba lambar, dole su yi kaffa-kaffa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga kuma asusun inshorar lafiya fiye da 90 a Jamus ta yau, kowanne da nasa mambobin.

A Danmak kuwa, katin lafiya ruwan ɗorawa mai ɗauke da lambar, shi ake nuna wa likita, shi kuma ake aron littafi da shi a laburare.