Idan kwantiragin ma'aikacin jirgin ruwa ya katse kafin wa'adi, wa zai biya kuɗin komawa gida?

Mai aiki a doron ƙasa idan ya ajiye aiki, jakarsa zai ɗauka ya hau mota. Wanda ke cikin jirgin dakon kaya yana iya sauka a tashar da ba shi da kowa, ba biza, ba kuɗin tikiti. Shi ya sa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar da yarjejeniyar kare haƙƙin ma'aikatan jiragen ruwa, MLC, a 2006, ta fara aiki ran 20 ga Agusta 2013. Najeriya ta amince da ita a 2013, kuma hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta ƙasar, NIMASA, ce ke sa ido a kanta.

Ko ma'aikaci ko mai jirgi, duk wanda ke son yanke kwantiragi sai ya ba da sanarwa. Ƙasar da jirgin ke ɗauke da tutarta ce ke ƙayyade tsawon sanarwar, amma ba za ta gaza kwana 7 ba. A lura da batun tutar nan: ɗan Kano a jirgi mai rajistar Panama ko Laberiya, dokar can ce ke aiki a kansa, tare da abin da ya sa wa hannu. Idan kuma larura ta taso, kamar rasuwa ko tsananin jinya a gida, ana son ƙasashe su bar ƙofar tafiya da gajeriyar sanarwa, ko ba sanarwa, ba tare da hukunci ba.

Inda rigima take shi ne tikiti. Mai jirgi ne zai maido da ma'aikaci gida idan shi ya sallame shi, ko ma'aikacin ya yanke kwantiragin bisa hujja, ko ya kasa ci gaba da aiki. Hujjojin da aka kawo sun haɗa da rashin lafiya, nutsewar jirgi, sayar da shi, karayar kamfani, da dosar yankin yaƙi da ma'aikacin bai yarda ya shiga ba. Haramun ne a karɓi kuɗin komawa tun farko, ko a cire daga albashi, sai an tabbatar, bisa dokar ƙasa ko yarjejeniyar ƙwadago, cewa ya yi babban saɓa ƙa'idar aiki. Fushin kyaftin kaɗai bai isa hujja ba.

A nan ne ake cutar da mutane da yawa, kuma abin yana ci mini rai. Mutum ya yi wata biyu ba albashi, ya gaji, sai a miƙo masa takarda a ofishin kyaftin wai ya sa hannu cewa don raɗin kansa zai sauka. Da ya sa hannu, sai a ce ai tikiti nasa ne, wani kwantiragin ma har kuɗin kawo wanda zai maye gurbinsa ake ɗora masa. Alhali gyaran da aka yi wa yarjejeniyar MLC, wanda ya fara aiki a Janairun 2017, ya ce rashin biyan albashi na wata biyu yana cikin abin da ake ƙirgawa a matsayin yasar da ma'aikaci, kuma dole jirgi ya riƙe takardar inshora a liƙe inda kowa zai gani, wadda za ta biya kuɗin komawa da bashin albashi har na wata huɗu. Kafin ka sa hannu, rubuta dalilinka na gaskiya, ka riƙe kwafi, ka bi hanyar kai ƙorafi ta cikin jirgi, ka nemi jami'in binciken tasha ko wakilin ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ITF.

Akwai kuma gyaran da ya soma aiki a Disambar 2020, wanda ya shafi masu ratsa mashigin tekun Gini kai tsaye: idan 'yan fashin teku suka yi garkuwa da ma'aikaci, kwantiraginsa ba ya ƙarewa ko da wa'adinsa ya cika ko an riga an ba da sanarwar sallama, kuma albashinsa zai ci gaba da fita har a sako shi a kai shi gida.