Ba Rana Ce Ke Ƙarfafa Kankare Ba

Har yau a wuraren gini za ka ji ana cewa, "A bar dakin ɗin ya sha rana, ya bushe ya yi ƙarfi." Dakin shi ne rufin kankare da ake zubawa a saman gini. Wannan magana kuskure ce, kuma tana lalata shaguna da benaye da yawa.

Siminti da ruwa haɗuwa suke yi su zama dutse, kuma haɗuwar tana ɗaukar makonni. Idan rana ko iskar hunturu ta zuƙe ruwan tun kwanakin farko, aikin ya tsaya a hanya. Sai ka ga saman ya tsattsage, ka murza da yatsa gari ya biyo hannunka. Shi ya sa ake ban-ruwa aƙalla kwana 7: a kewaye dakin da yashi a tare ruwa a kai, ginshiƙai kuma a naɗe su da buhun algarara mai jiƙe.

Amma ruwan nan na bayan zubi ne. Wajen kwaɓi, buhu mai kilo 50 bai kamata ya sha fiye da lita 25 ba, jarka guda ke nan, kuma a rage in yashin da danshi. Leburori kan ƙara don shebur ya yi sauƙi, ƙarfin ginin kuma ya tafi.

Mai duba gini ba ya yarda da ido. Yakan sa a cika ƴan akwatuna masu milimita 150 daga kwaɓin ranar, in ya daskare a ciro dunƙulen kankaren a jiƙa su, a matse da inji a kwana 7 da kwana 28 don a gwada ƙarfinsu. Kafin sakamakon farko ya fito, kada a cire tokara a ƙasan dakin, komai gaggawar mai gida.