Ƙaunar Allah a Wurin Kiristocin Gombe da Bauchi

Ƙaunar Allah ita ce koyarwar da Kiristoci masu sujada da Hausa a jihohin Gombe da Bauchi suka fi dogara da ita wajen bayyana bangaskiyarsu. Koyarwar tana cewa Allah ne ya fara ƙaunar ɗan Adam tun bai cancanta ba, ya kuma tabbatar da haka ta wurin mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa daga matattu. Wanda ya karɓi wannan ƙauna, wajibi ne a gan ta a zamansa da iyali, da maƙwabta, da abokan ciniki. Akasarin masu bi a jihohin biyu ba Hausawa ba ne ta wajen haihuwa. A Gombe akwai Tangale, da Waja, da Tula, da Cham, da Dadiya, da Tera, a Bauchi kuma akwai Sayawa, waɗanda ke kiran kansu Zaar, da Jarawa, da wasu ƙabilu. Sai dai da Hausa mafi yawansu suke karanta Littafi Mai Tsarki, da ita suke waƙa, da ita ake yi musu wa'azi, saboda haka kalmomin da suke tunanin Allah da su ma na Hausa ne.

Kalmar ƙauna

Hausa tana da so, da soyayya, da ƙauna, da bege. Masu fassarar Littafi Mai Tsarki sun ɗauki ƙauna ta tsaya a madadin kalmar Girkanci agafe, wadda Sabon Alkawari ya fi amfani da ita in ana maganar yadda Allah yake ɗaukar mutum. Soyayya aka bar wa saurayi da budurwa. Zaɓin ya dace, domin ko a Hausar kasuwa ƙauna ta fi so nauyi: mutum yana son tuwo, yana son sabuwar riga, amma uwa ce ke ƙaunar ɗanta.

Bege kuwa ya sami wata ma'ana a majami'a. A bakin sauran Hausawa bege shi ne kewa da ɗokin wanda ake so, kamar yadda ake cewa begen Annabi. A bakin Kirista bege shi ne sa zuciya ga alkawarin Allah, shi ya sa ake jin "bangaskiya, bege da ƙauna" a jere, daga sura ta 13 ta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa. Kalmomi biyu da ba sa rabuwa da ƙauna a wa'azi su ne alheri, wato kyautar da ba a yi aikinta ba, da jinƙai. Amshin Zabura 136, wanda yara ke haddacewa a Makarantar Lahadi, yana cewa ƙaunar Ubangiji madawwamiya ce.

Tushe a cikin Nassi

Ayoyin da aka fi jawowa su ne Yohanna 3:16, da Romawa 5:8, da sura ta 4 ta wasiƙar Yohanna ta fari, inda aka ce wanda bai ƙaunaci ɗan'uwansa da yake gani ba, ba zai iya ƙaunar Allah da bai gani ba. Wajen aikatawa ana kawo misalin Basamariye mai tausayi a Luka 10, da Matiyu 25 a kan mayunwata da marasa lafiya da 'yan kurkuku, da Yaƙub 2 inda aka kira bangaskiya marar aiki matacciya.

Yadda koyarwar ta iso

Ba za a gane dalilin da ya sa Kiristocin wannan yanki suke auna ƙauna da aiki ba sai an duba hanyar da bishara ta bi ta iso musu. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita wa 'yan mishan shiga biranen sarakunan Musulmi, saboda haka suka nufi ƙasashen duwatsu na kudu, inda jama'a ke bin addinan gargajiya.

Ƙungiyar mishan ta SIM, wato Sudan Interior Mission, ta samo asali ne a 1893, lokacin da Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan ta tsakiya, kamar yadda ake kiran wannan shiyya a lokacin. Gowans da Kent sun rasu a 1894, Bingham kaɗai ya tsira. Sai a 1902 ƙungiyar ta iya kafa tasharta ta farko a Patigi. A 1917 John Hall da Gordon Beacham suka isa Kaltungo a ƙasar Tangale, wato shekara biyu kafin a mai da hedkwatar masarautar Gombe inda take a yau, a 1919. Daga Kaltungo aikin ya bazu zuwa Tula Wange, da Billiri, da Gelengu a ƙasar Waja, da Zambuk a ƙasar Tera. Hall ya zauna ya koyi yaren Tangale sosai, ya rubuta al'adun mutanen, ya kuma yi aikin fassara. Ana sa fitowar Sabon Alkawari da Tangale a wajen farkon shekarun 1930. A ƙasar Pero, wajen Filiya, wata mishan dabam ce ta yi aiki, wadda ikkilisiyarta a yau take cikin Metodis.

A kudancin Bauchi kuwa ƙungiyar mishan ta SUM ce, wato Sudan United Mission, wadda Karl Kumm ya kafa a 1904, ta shiga daga Filato. Daga reshenta na Ingila cocin COCIN ya fito, shi ya sa har gobe shi ne ke da rinjaye a ƙasar Sayawa, a Tafawa Balewa da Bogoro. Yara da yawa daga can sun yi karatu a Gindiri, inda SUM ta buɗe makarantar horar da masu bishara a 1934.

Kusan kowace tasha tana da abu uku: majami'a, da ajin koyon karatu, da ɗakin shan magani. Mutum yakan zo da gyambo a ƙafa, ko da yaro mai zazzaɓi, a wanke masa, a ɗaure, sa'an nan a yi masa addu'a. Abin da ya fi shiga zuciyar jama'a shi ne jinyar kutare. A zamanin da kuturu ke cin abinci a ƙwaryarsa shi kaɗai, ana kuma gina masa bukka a bayan gari, SIM ta karɓi aikin kula da su a lardunan Arewa daga ƙarshen shekarun 1930, kuma ɗaya daga cikin mazaunan da ta riƙe shi ne na Bayara, kusa da birnin Bauchi. Wasu da suka warke a irin waɗannan wurare sun koma garuruwansu da Littafi Mai Tsarki a hannu, sun zama masu bishara. Ga irin waɗannan mutane, cewa Allah yana ƙaunar wanda kowa ya guje shi ba ta buƙatar dogon bayani, gani ya kori ji. A Kaltungo ma mishan ta yi asibiti da makarantar horar da malamai. Gwamnati ta karɓe yawancin makarantu da asibitocin mishan a shekarun 1970.

Ya kamata a faɗi cewa Turawan ba su da yawa, kuma ba su ne suka kai bisharar ƙauyuka ba. 'Yan ƙasa ne suka yi wannan, da ƙafa, daga baya da keke, suna noma da damina su ci da kansu, da rani su yi wa'azi. Tarihin da aka rubuta ya fi riƙe sunayen Turawa, alhali nauyin aikin a wuyan waɗannan malamai da matansu yake. A ƙarshen shekarun 1940 ikkilisiyoyin SIM suka kafa ƙungiyar aika masu bishara ta kansu, wadda a yau ake kira EMS, ƙasar Tangale kuma ta ba da ma'aikata da dama. A 1954 aka kafa ECWA, wadda ta fito daga aikin SIM, a matsayin ikkilisiya mai cin gashin kanta. A 1955 ikkilisiyoyin da suka fito daga SUM suka haɗu a tarayyar da a yanzu ake kira TEKAN.

Biranen Bauchi da Gombe sun sami Kiristoci da yawa ta wata hanya dabam, wato ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa daga kudu, musamman bayan isowar jirgin ƙasa a farkon shekarun 1960. Anglikan sun kafa dayosis, wato yankin da bishop ke jagoranta, na Bauchi a 1990, na Gombe a 1999, kuma bishop na farko a Gombe, Henry Ndukuba, shi ne ya zama shugaban cocin na Nijeriya baki ɗaya a 2020. Dayosis na Katolika na Bauchi, wanda ya haɗa jihohin biyu, ya sami cikakken matsayi a 2003.

Littafi da waƙa

Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya taka babbar rawa a ciki tare da masu fassara daga wasu ƙungiyoyin mishan. Sabuwar fassara ta biyo baya a wajen 1979 zuwa 1980. Tsohuwar tana cewa Yesu Kristi da Yohanna, sabuwar tana cewa Yesu Almasihu da Yahaya. Tsofaffi da yawa ba su saki ta 1932 ba, domin da lafazinta suka haddace ayoyi, kuma a addu'arsu har yanzu ita ake ji. Fitowar wannan littafi ita ta sa Hausa ta zama harshen majami'a ko a garuruwan da ba a yin ta a gida: ɗan Tangale, da Bajari, da Basayi sukan zauna a benci ɗaya a taro, su buɗe shafi ɗaya.

Littafin Waƙoƙi, wanda yawancin waƙoƙinsa fassara ne daga na Turawa, shi ne na biyu a hannun mai bi. Amma waƙoƙin da suka fi kai koyarwar ƙauna cikin gidaje su ne waɗanda mata da matasa suka tsara da kansu, masu bayarwa da amshi, da kiɗan tulu da ganga da kacau-kacau. Yunƙurin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya taso daga makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro a wajen 1963 zuwa 1964 ƙarƙashin Gerald Swank, ya ƙara yaɗa irin waɗannan waƙoƙi, tare da ƙananan ƙungiyoyin addu'a da wa'azin gida-gida. Har yanzu akwai 'yan Sabon Rai a majami'u da yawa.

A rayuwar yau da kullum

Zumuntar Mata ita ce fuskar da wannan koyarwa ta fi bayyana da ita. Ana danganta farkonta da ƙasar Filato, wajen shekarun 1930 zuwa 1940, yanzu kuma da wuya a sami ikkilisiya a jihohin biyu da ba ta da ita. Matan suna haɗuwa a tsakiyar mako, su yi nazarin Littafi, su koyi waƙa, su tara 'yan kuɗi. Sauran aikinsu a kan hanya yake. In mace ta haihu, su ne masu kai sabulu da itace. In an kwantar da wani a asibiti, su ne masu kai kunu. In an yi rasuwa, su ke kwana a gidan makoki suna waƙa, su ke ɗora tukunya, kuma su ke komawa wurin gwauruwa bayan baƙi sun watse, lokacin da kaɗaici ke fara cin ta. Karin maganar nan ta Hausa, zumunta a ƙafa take, ta zauna musu daram. Fastoci da kansu sukan yarda cewa ikkilisiyar da matanta suka yi sanyi, ta yi sanyi gaba ɗaya.

A karkara ana gayya a gonar tsoho ko marar lafiya, a wasu wurare kuma akwai gonar coci da ake nomawa tare. Da kaka ana yin sujadar godiya, a kawo dawa, da masara, da gyaɗa, da wake, da kaji gaban majami'a. Baiko, wato kyautar da ake bayarwa a sujada, da zakka, wato kashi ɗaya cikin goma, da su ake riƙe fasto da masu bishara, a kuma taimaki marayu. Dattawan ikkilisiya suna sulhunta ma'aurata da masu rikicin iyakar gona kafin magana ta kai gaban alƙali, kuma ana gargaɗin mai bi kada ya ci Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, yana riƙe da ɗan'uwansa a zuciya. Wa'azi yana yawan taɓa mudu da sikeli, da cin bashi a ƙi biya, da shan burkutu.

Sunayen yara ma suna ɗauke da koyarwar: Ƙauna, Alheri, Godiya, Murna, Salama, Haƙuri.

Zama da Musulmi

A garuruwa da yawa ana samun Kirista da Musulmi a gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Ana aika abincin Kirsimeti maƙwabta, ana karɓar naman layya, ana zuwa gaisuwar rasuwa ta kowane ɓangare. Duka biyun da sunan Allah suke kiran Mahalicci. An yi tashe-tashen hankula da suka ci rayuka, a Tafawa Balewa a 1991, 1995, 2001 da 2011, a Billiri kuma a 2021 kan naɗin Mai Tangale, wato sarkin Tangale. Kowane ɓangare yana da nasa bayani a kan musabbabinsu, inda sarauta, da ƙasa, da addini suka cuɗanya. Bayan irin waɗannan lokuta umarnin Yesu na a ƙaunaci maƙiyi, a Matiyu 5, shi ne nassin da ya fi wuyar wa'azi, kuma masu bi sun sha bamban a kan iyakar da ke tsakanin gafara da kare kai.

Saɓani a cikin gida

Wasu sababbin majami'u na birni suna koyar da cewa dukiya da lafiya alamar ƙaunar Allah ce ga mai bangaskiya. Malaman tauhidi na tsofaffin ikkilisiyoyi sun ƙi wannan, suna kafa hujja da Ayuba da wahalar manzanni.

A yanzu

Ana jin wa'azi da waƙoƙin bishara na Hausa a gidajen rediyon jihohin biyu, matasa kuma suna tura ayar safe ta WhatsApp da Facebook. A manyan majami'un birni ana raba sujadar Lahadi biyu, ta Turanci da ta Hausa.