Waiwaye: Asalin Sunayen Taurari a Labaran Mulkin Danniya

A ƙagaggun littattafan da ke hasashen wata duniya mai zuwa wadda hukuma ta danne kowa a cikinta, da wuya a tarar da sunan da aka raɗa da ka, domin sau da yawa sunan ne ke fara tona abin da marubucin yake tsoro. Wanda ya share wannan fage shi ne Yevgeny Zamyatin, injiniyan jiragen ruwa ɗan Rasha, wanda littafinsa We ya fara fitowa da Turanci a 1924 bayan an hana buga shi a Tarayyar Sobiyet. Mutanensa ba su da suna sam sai lamba, maza da baƙi a farkonta, mata da wasali, shi ya sa mai ba da labarin ya zama D-503, matar da ta ja shi zuwa tawaye kuma I-330.

Aldous Huxley ya ɗauki wata hanya dabam a Brave New World na 1932, inda ya ce mutum biliyan biyu da ke duniyar suna raba sunaye dubu goma kacal. Daga manyan zamaninsa ya tsinto su, ya gwama waɗanda ba sa ga maciji da juna, aka sami Bernard Marx da Lenina Crowne masu tuna jagororin gurguzu Karl Marx da Lenin, da Benito Hoover wanda ya haɗa Benito Mussolini na Italiya da shugaban Amurka na lokacin, Herbert Hoover, da Mustapha Mond da ake dangantawa da Mustafa Kemal na Turkiyya da attajirin masana'antu Alfred Mond. A ganina da gangan ya yi wannan gamin gambiza, don ya nuna cewa ɗan gurguzu da ɗan jari-hujja duk suna iya mai da mutum kayan aiki. George Orwell kuwa, a Nineteen Eighty-Four na 1949, ya jingina sunan tauraronsa Winston, wanda ke tuna wa mai karatu Winston Churchill na Birtaniya, da Smith, sunan dangi mafi yawa a Ingila, amma allon da ke sa ido a ɗakinsa "6079 Smith W." yake kiran sa.

Wanda ya fi ɗaga mini hankali shi ne na Margaret Atwood ta Kanada a The Handmaid's Tale na 1985. Sunan tauraruwar littafin, Offred, na nufin "ta Fred", wato mallakin kwamandan da aka kai ta gidansa don ta haifa masa 'ya'ya, kuma da zarar an sauya mata gida sunan zai koma kan wata. Akwai ranar da ta fita cefane tana jiran abokiyar tafiyarta Ofglen, sai wata baƙuwar fuska ta iso; da ta tambayi inda Ofglen take, matar ta amsa mata cewa ai ita ce Ofglen. Ko lambar Zamyatin, duk da muninta, ta mutum ɗaya ce, wannan kuwa gurbi ne da ake cikewa da duk wadda ta samu. Littafin bai taɓa faɗin sunan Offred na yanka ba; masu karatu ne suka zaƙulo June daga jerin sunayen da matan ke raɗa wa juna cikin duhu a babin farko, kuma da shi aka kira ta a shirin talabijin na 2017.