Kamfani ya ce a dawo da mota saboda plaket ɗin birki, mu a Garwa ya za mu yi?

Wai mene ne wannan kiran?

In kamfani ya gano wani abu da ya saka a mota tun daga masana'anta yana da lahani da zai iya kashe mutane, sai ya yi shela duk mai irin motar ya kawo a canza masa kyauta. Masu Faransanci suna cewa rapel. Ko manyan kamfanoni abin yana samunsu, a 2010 Toyota ta kira Prius da wasu motocinta sama da 400,000 kan matsalar birki, duk da dai wancan na kwamfutar birkin ne ba plaket ba.

To plaket ɗin me ke samunsa?

Plaket ai abu biyu ne aka manne, ƙarfen baya da ɓangaren da ke goga a jikin faifai. In mannin bai kama da kyau ba ko tsatsa ta shiga tsakani, sai na gaban ya ɓalle ya bar ƙarfe zalla, ka taka birki ka ji ƙiii kamar ana wasa wuƙa, mota tana ja gefe ɗaya, ba ta tsayawa inda ka saba. A cikin gari ƙila ka sha da tsorata ɗan moto kawai. Amma ka tuna gangaren falez, wato babban gangaren dutsen nan, in ka baro Ngaundere za ka Garwa, mota cike da mutane da buhuna a sama, birki ya yi zafi, wallahi nan ba wurin gwaji ba ne.

Za su aiko mini da takarda?

Ina! Motocinmu yawanci okaziyon ne, wato na hannu, da suka sauka a Duwala ko Kwatano, takardar can take zuwa gidan Baturen da ya fara sayen ta a Beljiyam. Kai za ka bincika da kanka. Lambar shasi, haruffa da lambobi 17, tana kan kart griz, wato takardar rajistar mota, kuma tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba. Ka shigar da ita a shafin kamfanin motar, in 'yar Amurka ce shafin hukumar NHTSA mai kula da lafiyar motoci a can, na Faransa kuma akwai shafin gwamnati RappelConso, amma shi da sunan mota ake dubawa. In ta fito sai ka kira wakilin kamfanin a ƙasa ka ji ko za su karɓi aikin, kar ka ɗau hanya ba ka tambaya ba.

Plaket ɗin da bakanike ya sa mini fa?

Wannan kiran kamfanin mota bai shafe shi ba. Kuma gaskiya a nan matsalarmu ta fi yawa, jabu sun cika kasuwa, kwali mai kyau ciki shara. Ka duba alamar inganci 90R ta Turai a jiki, ko da yake ita ma ana kwaikwayonta. In kaurin ya sauko kusan milimita 3 a canza, ƙafa biyu tare, kar wani ya ce maka "oga ɗayan zai ƙara wata biyu".