Kuɗin killace matafiya a otal lokacin korona

Killacewa a otal, abin da masu jin Faransanci a nan Damagaram ke ce ma karantin, wani tsari ne da wasu ƙasashe suka yi tsakanin 2020 da 2022, inda mutum in ya sauka daga jirgi ba a barinshi ya wuce gida, ana ɗaukarshi a bas a kai shi otal ɗin da gwamnati ta ware ya zauna kwana 10 ko 14, abinci a aje mishi bakin ƙofa, ba fita ba baƙo. Nijar ta rufe filayen jirginta a watan Maris 2020 ta buɗe ranar 1 ga Agusta da sharaɗin takardar gwaji, amma ɗalibanmu da 'yan kasuwa masu zuwa Turai sun gamu da wani abu daban.

Da farko a wasu ƙasashe gwamnati ke biya. Ostareliya ta fara killacewar ƙarshen Maris 2020 kyauta, zuwa 18 ga Yuli jihar da birnin Sidni yake ciki ta sa dala 3,000 na ƙasar kan babba ɗaya, 1,000 in akwai babba na biyu, 500 kan yaro. Ayilan ta fara nata 26 ga Maris 2021 a kan yuro 1,875, in ka juya da kuɗinmu ya haura sefa miliyan ɗaya da jaka ɗari biyu, kuɗin da a nan zai ciyar da gida guda wata da watanni, ga shi ya tafi a kwana 12 cikin ɗaki ɗaya.

Na Ingila shi ya fi taɓa mutanen yankinmu. An fara 15 ga Fabrairu 2021 ga masu fitowa daga ƙasashen da aka sa a jan layi, wato jerin ƙasashen da aka ɗauka sun fi haɗarin cutar, fam 1,750 har da gwaji biyu, rana ta 2 da ta 8, daga 12 ga Agusta aka ɗaga zuwa fam 2,285, yaro mai shekara 5 zuwa 11 fam 325, ƙasa da haka kyauta. A lokacin, wanda ya ɓoye ƙasar da ya biyo zai iya shan tarar fam 10,000 ko ɗauri har shekara 10. Ranar 6 ga Disamba 2021 aka sa Najeriya a jan layin saboda sabon nau'in korona mai suna Omikron, 15 ga watan aka cire, kwana tara kacal, amma da yake an ƙirga duk ƙasar da ka taka cikin kwana 10 kafin isowarka, ɗan Zinder da ya bi ta Matamaye ya hau jirgi a Kano ko Abuja shi ma dokar ta hau kanshi, kuma in ba shi da izinin zama a can ma ba za a bar shi ya shiga ba sam.

Maganar yafewa kuwa ƙofar ƙarama ce. Ma'aikatan jirgi, jami'an diflomasiyya da direbobin manyan motocin kaya galibi an ɗauke musu, sai marar lafiyar da likita ya tabbatar zaman otal zai cutar da shi. Ayilan daga baya ta yafe ma waɗanda suka yi rigakafi cikakke, Ingila kuwa ko ka yi allura biyu in daga jan layi kake sai ka shiga otal ɗin. Niyu Zilan ta fi sassauci ga 'yan ƙasarta, wanda ya bar gida kafin 11 ga Agusta 2020 ya dawo zai zauna fiye da kwana 90 bai biyan kuɗin otal ɗin, dala 3,100 na ƙasar. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne rangwamen Ingila ga marasa hali, yawanci ba yafewa ba ne, bashi ne a raba maka shi wata-wata, wato ɗalibin da iyayenshi suka saida gona ko shanu don kuɗin makaranta ya fara karatu da bashin otal a wuya. Kanada da ta tsaya a kwana uku ta soke nata 9 ga Agusta 2021, Ayilan kuma 25 ga Satumba.